Buhun Da Na Riƙa Aika Wa 'Ya'yana

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ina da gona a bakin kanal ɗin ban ruwa, ina noma shinkafa da ɗan tumatir, ga ƙuruciya ga taurin kai. Matata ce ke turara min shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a gida kafin in kai inji, kuma Allah ya ba mu yara biyu, mace da ƙaninta. Rigimar da ta raba mu ba ta taka kara ta karya ba, zuciya ce kawai ta ɗebe ni na sake ta.

Da iddarta ta cika, yayanta ya kai ni gaban alƙali, aka yanke in riƙa aika buhun shinkafa don ciyar da yaran, tunda suna hannunta. Wallahi ji na yi kamar an yi min fashi. Na zo teburin mai shayi, abokai suka ƙara zuga ni. Wani ya ce ni ke shiga taɓo sauro na cizona, ita tana zaune a inuwa za a sauke mata buhu. Wani ya ce in jira ta yi aure, in ga ƙaton da zai cinye gumina. Wani kuma ya ce ai namiji ba shi da mai tausayinsa. Babu wanda ya ambaci yaran, ni ma ban tuna da su ba.

Sai na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Alƙali buhu ya ce, bai faɗi irin shinkafar ba. Na riƙa zuwa inji ina karɓar tsakin da ake sharewa a ƙasa, mai tsakuwa da yashi, in cika buhu in ɗinke, in ɗora wa mai a-daidaita-sahu. Ina jira ta koma kotu mu yi ta ta ƙare, amma shiru. Matar da ta san shinkafa kamar yunwar cikinta, ba ta taɓa aiko da ƙorafi ba. Ni kuwa, kaicona, na ɗauka na yi nasara.

Da Sallah aka kawo min yaran. Mahaifiyata ta dafa shinkafa mai kyau, irin wadda nake ajiye wa kaina. 'Yata ta zauna kusa da ni, sai na ga tana tona abincin da yatsa, tana duba kowace loma, tana kuma tauna da gefe guda. Na tambaye ta lafiya, ta buɗe baki ta nuna min haƙorinta da ya karye rabi. Ta ce tsakuwa ce, duk da Ummansu kan wuni tana tsincewa a faifai. Sai ta ce kada in damu, Umma ta gaya musu Baba mai kyau yake aikowa, masu inji ne ke cutarsa. Har ta ce idan ta girma za ta je ta yi musu faɗa saboda ni.

Innalillahi! Na tashi na nufi gona, na zauna a bakin kanal na yi kuka kamar yaro.

Yanzu buhun da ya fi kyau shi nake kai musu da kaina. Na nemi gafarar uwarsu, ta ce ta yafe don Allah, amma tana gidan wani mijin, wanda ya san darajarta. 'Yan'uwana maza masu ganin ciyarwa bayan saki zalunci ce, ku ji tsoron Allah, ku kuma kiyayi zugar majalisa. Abin da ka aika don ka ƙuntata wa mace, a bakin ɗanka zai ƙare. Haƙorin 'yata ba irin wanda ke sake fitowa ba ne. Duk sanda ta yi min murmushi sai na gan shi, ita kuwa har yau masu inji take zargi.