Anti Mai Gwajin Jini Za Ta Huta

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa riskar Anti a hanya ba. Kafin kowa ya iso ta duba sanyin firji, ta goge tabarau, ta jera kwalaben jini a teburin ɗakin gwaji na asibiti. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Marasa lafiya ba su san fuskarta ba, sa hannunta kawai suke gani a ƙasan takarda.

Malaman jinya har yau suna ba da labarin wata yarinya 'yar shekara shida da aka kawo, haɓo ya ƙi tsayawa, jikinta duk taruwar jini. A danginsu kaf babu mai irin wannan ciwo, sai aka fara yi wa uwar kallon mai dukan 'yarta. Har mijinta ya daina yi mata magana.

Anti ta ga jinin yarinyar yana daɗewa bai daskare ba. Ta haɗa shi da na mai lafiya, ta jira awa biyu, haɗin ma ya ƙi daskarewa. Ta maimaita. Sannan ta hau bene da kanta, da ciwon gwiwarta, ta tare likita a bakin ƙofa.

"Likita, ba duka ba ne, ba kuma gado ba ne. Garkuwar jikinta ce ke cinye abin da ke daskarar da jini."

"Anti, kin tabbata? A littafi kawai na san wannan."

"To yau ga littafin kwance a gado na huɗu."

Aka sauya magani. Cikin 'yan makonni jinin ya tsaya. Uwar ta yi ta tambaya har ta gano ɗakin gwaji, ta riƙe hannun Anti tana kuka. Anti duk ta rikice, ta ce, "Haba ƙanwata, sake ni, ban cire safar hannu ba!"

Anti, ke ce idon likita, mai haƙurin jira. Kin ceci yarinya, kin wanke uwa daga zargi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma matasan da ta horar, in sakamako ya zo muku a karkace kada ku sa hannu don ku tashi da wuri. Ku sake gwadawa. Akwai uwar da ke jira a waje.