Ramin da Manu Ya Cike da Hannunsa

A unguwarmu ta Kore Mairuwa, in ka sha ruwan rijiya ka ji daɗinsa, da wuya in ba Manu ne ya haƙa ta ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga murya da ta saba kira daga ƙasan rami, shi ya sa ko gaishe ka yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Katangarmu ɗaya da shi shekara ashirin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa. Yakan ɗebi yashi ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana, ya ce saura gaba biyu a kai ruwa, kuma haka za a tarar. Ba abin da ya raina kamar ramin da aka bari a busasshiyar ƙasa. A wurinsa wannan aikin rago ne. Da foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfo suka yawaita, kiransa ya ja baya, ya koma zaman ƙofar gida yana wasa digar da ba ta da aikin yi, yana gaya wa duk mai wucewa cewa ruwan famfo ƙarfe-ƙarfe yake yi.

Ana nan sai Faruku, ɗan Hajiya Baturiya da ke kasuwanci a Kwatano, ya aiko a yi wa uwarsa salanga, wato masai, ta zamani, mai siminti da ƙofa, kusa da ɗakinta saboda ciwon gwiwa. Hajiya ta ce ba wanda zai taɓa mata ƙasar gida sai Manu. Shi ne ya haƙa rijiyar da ke tsakar gidanta shekara ashirin da biyar da suka wuce, rijiyar da unguwar duka ke ɗiba, har ƙofar Hajiya ba ta rufuwa da rana. Duk cikin rijiyoyinsa da ita ya fi yin alfahari.

Manu ya shiga aiki kamar an mayar masa da ƙuruciya. Ƙasarmu kwari ce, ruwa ba shi da nisa. Rana ta biyar muka ji murya daga ƙasa: "Ruwa! Ruwa ya zo!"

Al'adarmu ce in mai haƙa ya kai ruwa a yi guɗa a raba goro. Mata suka rangaɗa guɗa ba wanda ya tsaya tunanin ramin mene ne, Hajiya ta aika aka sayo goro. Ni ma na ci, ba zan ɓoye ba. Manu ya fito da laka har wuya yana cewa, "Wanga rami ba shi cika, Hajiya, har jikokin Faruku!" Muka ce lalle gwani gwani ne. Aka rufe da siminti, aka ta da gini, mutane har zuwa kallo suke yi.

Wata biyu aka yi ana amfani da ita. Sai wata Talata ga Madam Sa'adatu a kan babur, ma'aikaciyar tsabta daga Tibiri, tana zagayen gidaje kafin damina. Yarinya ce siririya mai sanyin murya. Ta ja ma'auninta daga bakin rijiya zuwa salanga, ta duba, ta sake ja.

"Wa ya gina ramin ga?" ta tambaya.

"Ni na, ɗiyata," in ji Manu, ya matso yana gyara hula.

"Baba, zurhinshi hwa?"

"Har ruwa!"

Ya faɗa yana jiran yabo. Madam ta cire tabarau ta goge, ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta yi masa bayani a hankali, gaban kowa. Ta ce doka ta hana ramin salanga ya taɓa ruwan ƙasa, sai an bar busasshiyar ƙasa mai kauri tsakani, kuma tsakaninsa da rijiya aƙalla metir goma sha biyar, shi kuwa wannan ko takwas bai kai ba.

"Baba, kai ka hi ni sanin ƙasa," ta ce. "Ruwan da ka iske cikin ramin ga, da na rijiyag ga, ruwa biyu na?"

Na san Manu shekara ashirin, ban taɓa jin ya sauke murya ba sai ranar. Ya ce da ƙaramar murya, "Ɗaya na."

A ranar aka rufe rijiyar da kwano aka sa kwaɗo. Madam ta ce sai an kwashe ramin, an zuba farar ƙasa an cike shi, an yashe rijiyar an sa mata jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta ɗebi ruwan ta aika a auna. In ya fito da kyau a buɗe. In bai fito ba, a cike rijiyar ita ma. Hajiya ta ce, "Rijiyata? Madam, gara ki cike ni." Aka yi dariya, amma Manu bai yi ba.

Akwai masu kwasar salanga, kuma aiki ne da babban mai haƙa kamar Manu ba ya ko tsayawa kusa. Faruku ya bugo waya ya ce a kira su. Manu ya ce ba wanda zai shiga ramin da ya haƙa sai shi. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya sa dogon takalmin roba da safar da Madam ta tilasta masa, ya yi kwana uku yana kwasa, amalanke na kaiwa inda aka nuna bayan gari. Matarsa ta hana shi ɗaki sai ya yi wanka sau biyu, ina jin su ta katanga. Da ya zo cikewa, ya riƙa zuba ƙasa yana tsaki, don ramin ya yi kyau, gefensa sumul. Gaskiya na ji tausayinsa, ko da yake dariya na cina.

Sabon ramin kuwa can ƙuryar gida aka yi shi, bayan rumbu, gajere, an shafe cikinsa da siminti an ɗaga shi sama. Da Manu ya haƙa ya kai inda Madam ta sa alama, sai da Hajiya ta tsaya kansa da sanda. "Manu, hito! Na ga hannunka na ƙaiƙayi." Ya fito yana gunaguni, ya kafa mata itatuwa jere daga ɗaki zuwa can don ta riƙa dafawa.

Sai jiran sakamako. Mako uku matan unguwa na tafiya famfon bakin kasuwa da jarka, kuma duk wadda ta wuce ƙofarsa sai ta ce, "Sannu, Baba, ina ruwa?" Ya daina zaman waje. Tuwo ma komawa yake yi yadda aka kai masa.

Ranar da Madam ta dawo, da goyo ta zo, 'yarta Raihana mai shekara biyu. Unguwa ta cika gidan Hajiya. Manu ya tsaya can baya jikin rumbu, kamar ba da shi ake ba. Kowa na jiran ta fito da takarda ta karanta. Ita kuwa ta buɗe kwaɗon, ta ce a ba ta guga. Ta ja da kanta, ta zuba a moɗa ta sha. Sannan ta sauko da Raihana daga baya, ta durƙusa ta kai mata moɗar baki. Yarinyar ta shanye, ta miƙo hannu tana neman ƙari.

Manu ya ratso mutane, hawaye na bin gemunsa, ya karɓi gugar daga hannun Madam.

"Kawo, ɗiyata," ya ce. "Na biyun ni ka ja mata."