Fuskar Halijah da Na Goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran tauraruwar fim Halijah Awang a gidanta da ke unguwar Geylang. Ina shan kofi aka faɗa mini. Na shanye, na koma shagona na hoto. Har yau ban yi kuka ba, zuciyar ta yi shiru kawai.

Kak Lijah, wato Yaya Halijah, kamar yadda muke kiran ki, shekara goma sha ɗaya ina gyara hotunanki a kamfanin fim. Hotunan da jaridu ke bugawa yanzu duk aikin fensirina ne. Kafin a wanke hoto nake bin fim ɗinsa na kyamara da fensir, in cike ƙurji, in share tabo, kuma abin da fensir ya taɓa ba ya dawowa. Sauran taurari ba su ko san sunana ba. Ke kuwa kikan hauro ɗakina da ƙunshin shinkafar kwakwa, ki leƙa ta kafaɗata ki ce, "Sudin, rage mini hancin nan mana, ko sai na kai ƙararka?" Da matata ta kwanta asibiti, ke kika yi jinyarta kwana huɗu, kin rufe fuska da gyale kada a taru.

Ba ƙuraje kaɗai nake sharewa ba. Akwai kumburi a ƙasan ido, akwai shatin yatsu a wuya. Na san hannun mijinki ne, kuma shi ne mai ba ni aiki.

Sau ɗaya kika roƙe ni abu. Kika dafa fim ɗin wani hoto da shatin ya fito a ciki, kika ce, "Wannan ka bar mini shi yadda yake, alƙali zan kai wa." Na ce to. Washegari na feƙe fensir na share. Da kika gani sai kika ce, "Ka iya aiki, Sudin." Ba ki daina kawo shinkafar ba, ba ki kuma bar gidan ba sai da mijin ya mutu.

Jiya 'yarki Rosnah ta zo shago. Ta ce, "Pak Cik," wato Kawu, "ba ka da ko guda wanda ba a taɓa ba? Waɗannan ba su yi kama da mahaifiyata ba." Na bincike akwati uku a gabanta, alhali na san babu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Rosnah da ƙannenta, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Kak Lijah, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Shi dai Ya ga fuskarki yadda take, Ya kuma ga hannuna.