Kular da Na Ɗauko a Shumaisi

Wudil zuwa Kano

Tun kafin assalatu na bar gida. Maƙwabcina Ɗan'asabe ne ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa, wadda sai an tura take tashi. A shingen 'yan sanda na Mariri wani ya haska min fitila a fuska ya ce, "Alhaji, ina zuwa?" Na ce, "Umara, in kun bar ni." Ya ce in sa shi a addu'a. Na amsa, amma hankalina yana kan agogo. Ni mahauci ne, na saba da sammako, sai dai ban saba da jiran kowa ba, kuma ranar duk abin da ya tsayar da ni ji nake kamar da gayya ne.

Bayan ibada, akwai ta'aziyyar da na shekara uku ban yi ba. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune a Hindawiyya a Makka tun ina goye. Ɗanta Bala, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya rasu a hatsarin mota. Labarin da ya zo mana shi ne wani Ba'indiye, shugabansa a wajen aiki, ya taso shi ranar hutunsa. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma na riƙe shi a zuciya.

Jidda

Na ɗaura harami a jirgi, muka sauka bayan azahar. Sale, ƙanen Bala, yana jirana. Haihuwar Makka ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Yalla Yaya, shiga sayyara. Amma akwai shugul ƙarami a hanya."

"Wane aiki kuma? Ni Harami zan wuce, la'asar a can nake son yi."

Sai da muka hau titin Makka ya fasa ƙwai. Yau Bala ya cika shekara uku. Ba'indiyen nan, Ramesh, Hindu ne, kuma a al'adarsu ranar da mutum ya cika shekara da mutuwa ana dafa abincin da yake so a ciyar da mutane kafin rana ta faɗi. Sau biyu yana dafowa a kula, sau biyu Goggo tana mayar da kular ko buɗewa ba ta yi ba.

"Kai mai sunan Babanta ne, Yaya. Wallahi ba ta iya ce maka a'a."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato na baro Wudil, ga harami a jikina, don in zama ɗan aiken wanda ya yi sanadin ɗan'uwana?" Sale ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ka gan shi dai."

Shumaisi

Kafin shingen Shumaisi akwai allo da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai kauce. A wani gidan mai kafin allon muka tsaya. Wani siririn dattijo mai tabarau yana tsaye a rana, ya rungume kula kamar jariri. Ya haɗa tafin hannuwansa ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Muryar ta Indiya, amma gaisuwar ta Bala ce sak, har yadda yake jan ƙarshenta.

Sauran maganar Sale ne ya fassara. Ramesh injiniya ne a Jidda. Duk aikin da ya faɗo a Makka ba ya iya shiga, sai ya tura Bala. Ranar Bala ya ce masa ya gaji, shi kuma ya matsa.

Na ce, "To wake da shinkafa ne zai goge wannan?" don na ji ƙamshin tun daga nesa.

Ya girgiza kai. "A wajenmu zunubi, wanda muke kira pap, iri ne. In ka shuka sai ya tsiro, a wannan rayuwa ko wata. Kuka ba ya tone shi. Abin da mutum zai iya shi ne ya shuka alheri a gefensa, ya ciyar, ya faɗi gaskiya, kada ya cuci mai rai. Na san ya gaji, na fifita aikina. Wannan zunubin nawa ne."

Sale ya ce ya sha yi masa tayin ya kwanta a bayan mota, ba kullum ake dubawa ba, ya je ya durƙusa gaban Goggo da kansa. Ramesh ya ce, "In shiga wurinku mai tsarki da ƙarya? In ɗora sabon zunubi kan tsoho ke nan."

Na so in tsokane shi, na ce, "Ka san sana'ata? Shanu nake yankawa." Ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa, har na ji dariya. Can ya ce, "Ni ban taɓa cin nama ba. Amma kai a wannan aikin aka haife ka, ka yi shi da gaskiya. Bala yana son tsire kamar me, ya haƙura da shi duk azahar, muke cin wannan a faranti ɗaya. Shi ya koya min dafawa."

Na tsaya ina juya abin. Rana tana dukan tsakar kaina, haramin yana zamewa, la'asar tana ƙaratowa. Na ce wa Sale, "Gaya masa ni ban ɗauki addininsa ba, abinci na ɗauka." Ramesh ya ce hakan ma ya isa. Da muka wuce shingen na waiga, yana nan tsaye inda muka bar shi.

Hindawiyya

Na yi ta talbiyya da kula a cinya, zuciyata ba ta zauna ba. Sale ya bi ta Rusaifa don kauce wa cunkoso, muka faɗa wani cunkoson. Aka kira la'asar muna tsakanin motoci, muka yi ta a wani masallacin unguwa. Na ji haushi sosai, na kuma gaya wa Sale.

Lungunan Hindawiyya mota ba ta shiga, da ƙafa muka hau. Goggo ta tsufa, ta rame. Tana ganina ta ce, "Babana!" ta fashe da kuka. Na durƙusa na yi mata gaisuwar Bala. Sai idonta ya sauka kan kular.

"Sale, ban ce kada a ƙara kawo min wannan ba?"

Na ce, "Goggo, ni na kawo. Tun jiya ban ci abin kirki ba, kuma ba zan ci ni kaɗai ba."

Ta kalle ni. "Ka ci sunan da ka ci," ta ce, ta jawo faranti.

Ta zuba mai da yaji, ta kai loma ɗaya. Ta daina tauna. Ta ce, "Kanwa ta yi yawa." Sai hawaye. "Haka Bala yake yi. Tun yana yaro nake masa faɗa, hannunsa ya yi nauyi a kanwa, bai taɓa ji ba." Ta ci loma ta biyu. Daga nan ta sa Sale ya kira maƙwabta, wata 'yar Cadi da 'ya'yanta da wani tsoho mai sayar da goro, aka cinye tas kafin magariba.

Bayan sallah na yi ɗawafi da sa'ayi, aka aske min kai. Na sa ɗan sandan Mariri a addu'a. Ga Ramesh kuwa na roƙa masa shiriya da sauƙin abin da yake ɗauke da shi.

Komawa

Na yi kwanakina a gidan Sale, tsakanin Harami da hirar Goggo. Ranar tafiya ta miƙo min kular. A wajenmu ba a mayar da kwano wayam, ta cika ta da dabino da ƙullin yajinta.

Ramesh yana gidan man nan. Ya buɗe kular. Na ce wa Sale ya fassara daidai, kada ya rage ko ya ƙara. "Ta ce a gaya maka ajali ne ya kira Bala, ba wayarka ba. Ta ce kuma baɗi ka rage kanwa."

Ya cire tabarau. Ya maimaita da Hausa, "Baɗi?" Na ce, "Baɗi." Ya sunkuya zai taɓa ƙafata, irin yadda suke wa manyansu. Na ja da baya na ce ni ɗan aike ne, ya juya can, wajen Hindawiyya. Ya juya ya sunkuya a bakin titi, motoci suna wucewa.

Washegari da hantsi Ɗan'asabe ya sauke ni a ƙofar gida lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sale da ya ja ni inda ban so zuwa ba. Iyali sun yanka min zakara. Na ce a ajiye sai dare, yanzu a dafa min wake da shinkafa, a sa kanwa da ɗan yawa.