Murhuna a Kasuwar Lolo

Shekarar da Shari'a ta zo mun sha wuya, ba ni da wata kalma da ta fi wannan. Ni ɗan daudu ne, shinkafa da miyar kifi nake sayarwa a kasuwar Lolo tun ban yi gemu ba. Kowa ya ci abincina, har waɗanda daga baya suka shiga Hisba.

Da aka fara shelar cewa namijin da aka kama da namiji jifa ne hukuncinsa, mutumin da muka shekara goma sha ɗaya tare ya ɗaure kayansa ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Benin. Ban ga laifinsa ba. Ranar kasuwa 'yan Hisba uku suka kifar mini da tukunya har ta fashe, suka ce kada su sake ganin hayaƙina.

Kasuwa ta ci sau biyu ina zaune a gida, sai yayata ta zo. Ta ce, "Kai, ka bi shi mana. Can ba mai taɓa ka."

Na ce, "Yaya, nan aka binne cibiyata, kuma ban saci akuyar kowa ba."

A Lolo, in murhunka ya yi kasuwa uku babu wuta, sarkin kasuwa zai ba wani wurin. Tsoro kam ina jin sa, amma wurin nan ni na share shi da hannuna.

Washegari, ranar kasuwa ta uku, da sassafe na ari tukunyar yayata, na ɗauki itace, na je na hura wutata.