Baba Mas'udu da Gayyar Lambun Tumatir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, goma ga Safar, shekara ta 1316 bayan hijira, Allah ya karɓi ran Baba Mas'udu mai lambu, a gidansa da ke Zangon Ankara, can bakin teku. Ni Mahama maƙwabcinsa nake rubuta wannan, zuciyata ba daɗi.

Baba, kai ka fara kafa fangalin tumatir a bakin rafin Odo, lokacin da muke maka dariya muna cewa Bazazzagi ya zo teku noman fadama. Ba a jima ba masu dariyar suka dawo roƙon iri, har da ni. Baƙo ba ya sauka a zango ka bar shi zaune. Sai ka yanka masa fili, ka ba shi dashe, ka bi shi da faɗa har ya iya ban-ruwa. Faɗa kam kana da shi, amma ban taɓa ganin wanda ya bar lambunka da kwando wayam ba.

Da mijin Asana ya rasu ya bar ta da marayu, kai ka hana a karɓe lambunsa. Ka koya mata aikin, har tumatirinta ya fi na kowa kyau a kasuwa.

Sai ga daminar bana, yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Baƙin tabo ya fito a ganyen wasu lambuna, da farar fumfuna a ƙarƙashinsa, 'ya'yan suna ruɓewa tun suna ɗanye. Ka yi abin da iyayenka suke yi a gida in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ka kira gayya. Muka fito kwanmu da kwarkwatarmu, muna bin lambu lambu cikin jiƙa, muna tsinke ganyen da ya kamu. Abin da muka tuge muka binne a fangali ya zama taki, don ba ka yarda a zubar da komai. Lambun Asana lafiyarsa ƙalau a ranar, amma ka ce ba za a tsallake gonar marayu ba, a shiga a yi mata shara. Muka shiga da hannuwan nan da fatanyun nan.

Kafin Juma'a ta zagayo, lambunan bakin rafi sun zama baƙi ƙirin, wari ya hana tsayawa. Na Asana ma bai tsira ba. Ta zo ƙofarka ta ce, "Baba, gonana bai yi ciwo ba. Ku kun kawo mashi. Yanzu me zan ba yara?"

Daga ranar ka daina cin abinci sosai. Ka bi gida gida da sanda kana cewa, "Ni na kira gayyar nan, ku yafe mini." Kowa ya yafe. Asana ce ba ta fito ba, kana sallama tana ciki. Ban ga laifinta ba, Baba, kuma ban ga naka ba, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Yau samarin da ka koya wa lambu suna dako a unguwar Tudu, ba mai maganar sake dashe. Ƙasar ma tsoronta muke ji.

Allah ya jiƙanka, ya duba niyyarka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Zenabu, da ɗanka Jibirilu, da jama'ar zango baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri.

Sauran roƙona ga fatake ne. Asana ta kwashe 'ya'yanta ta bi ayari zuwa arewa kafin cikawar Baba, mu kuwa muka ɓoye masa. Duk wanda ya gamu da ita a hanya, don Allah ya gaya mata cewa har numfashinsa na ƙarshe yana tambaya ko ta iso.