Rigar da Baba ya rina mini

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ƙwaƙwalwa, ban ce zai iya ɗaukar ranar da aka yi mana hoton gama makaranta ba. A zamanin En'e ne, ina ajin ƙarshe na babbar firamare a Kazaure, ina zaune a gidan wani kawuna. Hedimasta ya sanar da mu cewa mai hoto zai zo daga Kano, ya kuma kafa doka: kowa ya zo da farar riga, wanda bai zo da ita ba babu shi a hoto. Ni kuwa tun da aka haife ni ba a taɓa ɗaukata ba, na ƙwallafa rai ƙwarai.

Farar rigata ɗaya ce tal, ta sha jiki har ta fara komawa ruwan ƙasa. Na ba wani mai jaki ɗan ƙauyenmu da ke wajen Roni, na ce ya kai gida a wanke a buga, za a ɗauke mu hoto. Ban ambaci dokar Hedimasta ba, don ban ga dalili ba. Na manta ɗan wa nake. Baba marini ne, a bakin karofi ya girma, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ko ranar Sallah ba sa fita. A wajensa farar riga rigar da ba a gama ba ce.

Ranar hoto da sassafe na je wajen wanzami ya yi mini ƙwal-kwabo, matar kawu ta ranɗa mini kwalli, ta shafe ni da man gyaɗa har ina ƙyalli. Riga kawai nake jira. Hantsi ya dubi ludayi sai ga Baba da kansa, tun asuba ya taso a ƙasa, ƙafa duk ƙura, ya rungumo ƙunshi kamar mai ɗauke da jariri. Ya kwance a hankali yana kallon fuskata. Rigata ce, amma ta zama baƙa wuluk, ta sha shuni ta sha bugu, sai sheƙi take.

"Kwana bakwai na yi a kanta," in ji shi. "Ko ɗan hakimi ba zai fi ka ba."

"Baba, ka ɓata mini riga! Fara aka ce!"

Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Baba ya dubi hannuwansa, ya mayar da su baya.

Babu yadda zan yi, na saka ta na tafi ina kumbure-kumbure, shi kuma yana biye da ni daga nesa. A filin makaranta an jera bencina, mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, yara sun yi fari fat kamar balbelu. Da suka hango ni sai dariya. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini gindin wata bishiyar bedi ya ce in koma can in tsaya. Na tsaya, kwalli yana bin hawaye.

Sai na ga Baba ya cire takalmi, ya tako har gaban bencina ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na yaron ba. In fara ake so, ga tawa, a ba shi."

Ya fara ƙoƙarin tuɓe rigarsa, wadda shuni ya yi wa dabbare-dabbare ko'ina. Yara suka sake fashewa. Hedimasta ya daka musu tsawa, wuri ya yi tsit. Ya yafito ni, ya kama hannun rigata ya murza, ya ɗaga ta wajen rana.

"Malam, sau nawa ka tsoma ta?"

"Ban ƙirga ba, ranka ya daɗe. Sai da ta ƙi shan ruwa."

Hedimasta ya jinjina kai ya ce rabonsa da ganin rini irin wannan tun yana yaro. Ya ta da Baba tsaye, ni kuma ya zaunar da ni kusa da shi, a tsakiya. Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyallensa ya ce kada kowa ya motsa.

Da na raka Baba bakin hanya, da ƙyar na iya cewa ya yafe mini. Ya yi murmushi ya ce, "Je ka goge wuyanka, duk ya yi shuni."

Baba ya rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Wancan hoton yana nan a ɗakina, ya dushe, fararen riguna sun haɗe da juna, tawa ce kaɗai ta fito sarai. In jikokina suka tambaye ni yaya kamannin mahaifina suke, rigar nake nuna musu. Tun daga ranar na koyi cewa in wanda yake ƙaunarka ya miƙo maka abu, ka fara duban hannun da ya miƙo kafin ka buɗe baki.